Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu zanen kwamfuta.

Babban aikin da kwamiti ya sa a gaba a bana shi ne horo kan tsara umarni ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu samar da hoto. Tun fitowar irin waɗannan manhajoji, wato DALL-E a 2021, sannan Midjourney da Stable Diffusion a 2022, sana'armu ta fosta, kalanda da katin biki ta soma sauyawa. Sai dai da yawanmu zuba kalmomi kawai ake yi barkatai, data ta ƙare, hoton da ake so bai samu ba.

Ga jerin da muka koyar: a fara da wanda ke cikin hoton da abin da yake yi, sai wurin, sai haske (hantsi ne ko la'asar sakaliya), sai inda kyamara take, sai salon zanen, girma ya zo ƙarshe. Girma a nan shi ne awon faɗi da tsayi: hoton da za a ɗora a status na WhatsApp 9:16 yake so (a tsaye), na YouTube 16:9 (a kwance). A Midjourney da rubuta --ar cikin umarni ake faɗin girma, da --no kuma ake hana abin da ba a buƙata.

Inda muka fi daɗewa shi ne kayanmu na gida, kuma nan ne horon ya fi amfani. In ka rubuta "babbar riga" kurum, sau tari jallabiyar Larabawa za ka gani. Dole a siffanta ta: faɗin hannuwan da ake naɗewa a kafaɗa, aikin zare a wuya da aljihu, hula zanna. Haka gidan ƙasa; in ba ka ambaci zankwaye a kusurwoyin soro da adon bango ba, bukkar ciyawa za a miƙo maka. Wannan yana ci mana rai, shi ya sa muka fara tara irin waɗannan siffofi a kundi guda da kowane mamba zai ɗauka kyauta.

Haruffan ɓ, ɗ da ƙ kan fito a gurguje cikin hoto, don haka a bar rubutu sai an koma manhajar zane irin Photoshop ko CorelDRAW.

Taro ya kuma zartar da ƙa'ida biyu: a gaya wa kwastoma cewa na'ura ce ta yi hoton, kuma kada a haɗa fuskar kowa ba da izininsa ba. Mai saɓawa zai gurfana gaban kwamitin ladabtarwa.

Baɗi za a buɗe ajin mata na daban. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taro na gaba.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa