Rahoton Ayyukan Ƙungiyar Iyaye da Malamai na Shekarar Karatu ta 2024/2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Mai Unguwa, Malam Liman, Shugaban Makaranta da malamanmu, iyaye maza da mata, barkanmu da shiga sabuwar shekarar karatu. Kamar yadda aka saba, kafin karatu ya kankama sakatare kan kawo bayanin abin da ƙungiya ta yi a bara. Za a karanta shi a taro, a kuma saka shi a zauren WhatsApp, don kada gobe wani ya ce bai ji ba.

Kwamiti ya zauna a kowane zango, an yi babban taro ɗaya, bayanan zaman suna hannuna ga mai son dubawa.

Sai maganar kuɗi. Iyayen da suka biya gudummawar zanguna uku cif ba su kai rabi ba. Zangon farko an yi ƙoƙari. Na biyu ya gajarce, domin a nan Kano an rufe makarantu a ƙarshen Fabrairu saboda azumi, ba a dawo ba sai cikin Afrilu. Da aka dawo kowa ya ce hidimar ƙaramar Sallah ta cinye shi, kafin a farfaɗo kuma ga layya a farkon Yuni. Mun san halin da ake ciki, kasuwa ɗaya muke ci da ku. Amma akwai gidajen da ma'aji ya yi ta sintiri har ya fara jin kunyar yin sallama, kullum amsar ita ce maigida ya fita, a dawo jibi. Bawan Allah nan shago yake rufewa ya tafi, ba albashi ake biyansa ba.

Wasu kuma hujjarsu ita ce ilimi kyauta ne. Gaskiya ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, gwamnatin jiha ta jaddada haka a 2019, sannan a Yunin 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Babu wanda ya karɓi kuɗin makaranta a nan, kuma ba a taɓa korar yaro ɗaya saboda gudummawar ƙungiya ba, ba za a fara ba. Wannan gudummawa mu da kanmu muka ɗaga hannu muka amince da ita. Da ita ake biyan maigadi, a sayi alli da tsintsiya idan sun yanke, a ba malaman sa-kai ɗan kuɗin sabulu. Yanzu haka malaman sa-kai suna bin mu bashin zangon ƙarshe, kuma duk da haka ranar da aka buɗe makaranta sun riga wasunmu zuwa. Allah Ya saka musu da alheri, ni dai nauyin haɗa ido da su nake ji.

Banɗakin 'yan mata shi ne abin da aka fi yi mana tsegumi a kai, har na ji ana cewa kuɗin ya yi ɓatan dabo. Bai ɓata ba. Lissafin aikin an yi shi ne tun kafin a cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, lokacin buhun siminti bai kai dubu biyar ba. A farkon 2024 ya haura dubu goma, rodi da yashi da kuɗin ɗauko kaya duk suka bi shi. Abin da muka tara ya haƙa rami, ya rufe shi da daɓe, ya kai gini linta, sai ya ƙare. Saura rufi, ƙofofi da filasta. Rasit na kowane buhu yana wurin ma'aji, kuma a babban taro an shimfiɗa su a kan tebur, sai dai masu maganar ba su zo ba. Ina roƙon a daina kallon ginin nan a matsayin aikin kwamiti. Malamai sun sha gaya mana cewa 'yan matan aji biyar da shida kan tafi gida kama ruwa lokacin tara, wasu ba sa dawowa sai washegari. 'Ya'yanmu ne.

Rufin aji uku da iska ta yaye a farkon damina har yanzu tamfol ne a kai. Mun rubuta takarda mun kai inda ya dace, an karɓa, muna jira. Ba mu taɓa kuɗin banɗaki don yin rufin ba, saboda taro bai ba mu izini ba, kuma da mun yi haka da yanzu wata maganar ake yi. Famfon tuka-tuka an gyara shi, ya sake lalacewa. Ba abin mamaki ba ne, tun asuba har bayan isha'i rabin unguwa a nan ke ɗiban ruwa, amma idan aka zo karo-karon gyara sai ya zama famfon makaranta. Masu tambayar abincin yara kuma su sani ba hurumin ƙungiya ba ne. Shirin gwamnatin tarayya ne, kuma an dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi a Janairun 2024.

Yanzu bari in zo kan abin da ya wanke mana zuciya, wato aikin gayya da tarbar 'yan aji ɗaya. Duk wanda ya leƙa makarantar nan a ƙarshen dogon hutu ya ga yadda ta koma: tafasa har ƙugu, ruwa kwance a bakin ƙofa, awaki sun mai da barandar aji ɗaya wurin kwana. Malam Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, Mai Unguwa ya sa aka yi shela, amma a gaskiya ba mu sa ran mutane da yawa ba. Ranar Asabar kafin rana ta yi zafi fili ya cika. Matasan ƙungiyar ƙwallo suka zo da lauje da fartanya da manjagara, masu baro suka kwashe shara kyauta, wani mai tifa ya juye yashi a inda ruwa ke kwanciya, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Mai Unguwa da kansa ya naɗe hannun riga ya riƙi adda, daga nan babu wanda ya ƙara iya tsayawa a inuwa yana ba da umarni.

Kafintocin bakin kasuwa sun cancanci yabo na musamman. Bencinan da suka karye aka jibge a sito shekara da shekaru, su suka fito da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ƙafarsa ta tafi a ciro ta jikin wanda samansa ya ruɓe, a haɗa biyu su zama ɗaya. Ƙusa kawai muka saya. Albarkacinsu bana 'yan aji biyu sun tashi daga kan tabarma. Aka shafe alluna da baƙin fenti, dattawa na ta ba yara labarin zamanin da ake daka gawayi da baƙin batir a goge allo da shi. Iyaye mata kuwa tun safe suka ɗora kunu da ƙosai, da azahar aka sauke dafa-duka, duk daga aljihunsu. Su ne kuma suka bi gida-gida suka tattaro kayan makarantar yaran da suka gama aji shida, suka wanke suka goge, teloli biyu suka rage wa ƙanana tsawo, aka raba wa marayu a asirce.

Ranar Litinin aka yi tarba. Kowane ɗan aji shida ya kama hannun sabon ɗalibi ɗaya ya kai shi aji, ya nuna masa wurin zama da inda randa take. Kukan da aka saba ji a irin wannan rana ya ragu sosai. A teburin rajista an samu da yawa ba su da takardar haihuwa, wani dattijo ya ce a koma tsohon gwaji, yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunne, aka yi ta dariya. Ba a mai da kowa gida ba. An rubuta sunayensu, kuma kwamiti zai raka iyayen wurin jami'in Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi musu. Ina tsaye wata kaka ta zo da jikarta ɗauke da farantin gyaɗa, ta sauke mata shi da hannunta, ta ce a rubuta ta, tallan ta ɗauke mata. Yarinyar tana aji ɗaya yanzu, kuma ta samu kaya cikin waɗanda aka raba.

To, jama'ar da ta yi wannan aiki a yini ɗaya ita ce dai ake nema a taro a rasa. Fuskokin da muke gani a zama ba sa canzawa, kuma mafi yawansu mata ne. Akwai waɗanda suka karɓi muƙami a zaɓen da ya wuce, tun ranar da aka yi hoto ba mu sake ganinsu ba. A zauren WhatsApp kuwa kowa injiniya ne, kowa ya san yadda ya kamata a yi ginin, amma da an saka sanarwar kuɗi sai a yi tsit, can sai wani ya turo bidiyo.

Ga abin da kwamiti ya tsayar na bana. Ba za a ɗauko wani sabon aiki ba sai an gama banɗaki an biya malaman sa-kai. Wanda ba zai iya biya a dunƙule ba ya riƙa kawowa kaɗan-kaɗan, za a ba shi rasit. Mai bulo ya kawo bulo, mai kwano ya kawo kwano, magini ya ba da yini guda, duk za a rubuta a matsayin gudummawarsa. Kowane layi zai fitar da wakilin da zai riƙa karɓa, ma'aji ya huta da yawo. Sunayen waɗanda suka biya za a liƙa su a ƙofar ofis ƙarshen kowane zango. Sannan kada a yi gaggawar sayen littattafai. Gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage yawan darussa ta kuma dawo da darasin tarihi, a jira Shugaban Makaranta ya fitar da jerin abin da za a saya.

Babban taro Asabar ta farko a watan gobe, bayan la'asar, a aji shida. A nan za a yi zaɓe, kuma kujerar sakatare na cikin waɗanda ke buƙatar sabon mutum. Mai binmu bayani ya zo da tambayarsa, wanda ake bi bashin bara ya zo da abin da ya samu.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya