Surukata na so ta raba ni da matata saboda mun koma bakin teku

Assalamu alaikum Hajiya, Allah Ya ƙara miki basira da lafiya. Don Allah a sakaya sunana.

Jiya da daddare surukata ta kira wayar matata, ta ce a ba ni. Ko gaisuwata ba ta amsa ba ta ce, "Ka ɗauke mana yarinya ka kai ta bakin ruwa cikin mutanen da ba ta jin yarensu, kai kuma ka kulle kanka a ɗaki da kwamfuta. Ka dawo mana da ita." Haka ta faɗa, yarinyar na zaune a gefena tana ji, kuma ko uffan ba ta ce ba. Shirun nan nata ne ya hana ni barci.

Ni ɗan Kano ne, ina rubuta manhajar kwamfuta, kuma wani kamfani da ke Jamus nake yi wa aiki ta intanet. Aikin halal ne Hajiya, ina nanata wannan domin a dangin matata har yanzu akwai masu raɗa cewa damfara nake yi, tunda ba sa ganin ina fita ofis. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin janareta ya soma cinye mini albashi. Sai ga duhun da ya mamaye Arewa a watan Oktoban 2024, sama da mako guda babu wuta. A lokacin shugabana a wurin aiki ya gaya mini ƙarara cewa ba za su ci gaba da jiran wanda ke ɓacewa ana tsakiyar taro ba. Me ake so in yi? In zauna a kore ni?

Wani abokin karatuna ne ya ba ni shawarar Gana. Haya a Ankara, babban birnin ƙasar, ta fi ƙarfina, shi ya sa muka sauka Elmina, wanda 'yan garin ke kira Edina. Garin masunta ne, tafiya kaɗan daga Cape Coast. Nan ne tsohon ginin da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wanda daga baya aka riƙa tsare bayi a ciki, masu yawon buɗe ido na zuwa kallonsa kullum. Daga tagarmu ana hango kwale-kwalen masunta jere a bakin kogin Benya, ranar Talata kuma ba a fita kamun kifi, garin sai ya yi tsit. Ba na cewa a nan ba a ɗauke wuta, ana ɗaukewa, har suna gare shi, dumsor. Amma ba a haɗa shi da abin da na baro.

To ita surukar tawa tun farko ba ta so auren ba, ɗan 'yar'uwarta ta so. Ba a taɓa yi mata abu ta gode ba. Duk wata ina aika mata kuɗi, ko da sidi, kuɗin Gana, ta yi tsada a 2025 har abin da nake samu ya ragu a hannuna, ban fasa ba. Mai gidan da muke ciki kuɗin shekara biyu ya karɓa a dunƙule, haka ake yi a nan. Iskar teku da gishirinta ta ci mini kwamfuta guda, har makullin ƙofa tsatsa yake yi. Duk wannan ban gaya wa kowa ba, ni kaɗai nake haɗiye abina.

Matata tana cewa kaɗaici na damunta. Maƙwabtanmu Fante suke yi, ita kuma Turancinta bai yi ƙarfi ba. Ba ta son ƙarnin kifin da ake ƙyafewa a bayan gidanmu, ba ta iya cin dokunu, tuwon masararsu. Na ji. Amma ai na kai ta kasuwar Kotokuraba a Cape Coast, ta ga matan zango suna Hausa, ga koko da ƙosai, ga wake da shinkafa. Ta ce Hausarsu daban ce, ba ta sake da su ba. Ni kuma daga safe zuwa la'asar ina kan aiki, belun kunne a kaina, ba zan bar taro in fito hira ba. Wani lokacin nakan fito in same ta a kan tabarma a baranda, waya a hannu, idanu jawur. In na tambaya ta ce ba komai. Ashe gida take kai ƙarata. Da ni aka fara gaya wa, da ba a kai ga haka ba.

Na manta ban faɗa miki ba, tana da ciki wata shida, kuma na fari ne. Abin da uwar ta fake da shi ke nan, wai a kawo ta goyon ciki, ta haihu a gida, ta yi wankan jego. Na san al'ada ce, ƙannena ma haka aka yi musu. Amma akwai asibitoci a Cape Coast, tana zuwa awo, likita bai ce akwai matsala ba. Ta mota sai an bi Aflao, Lome, Kwatano, Seme, Legas sannan Kano, mai ciki ba za ta iya ba. Jirgi kuma in ciki ya tsufa ba sa ɗauka, don haka lokaci ya ƙure mini. Ga batun takardar zama da nake ta fafutuka a kai, domin kwana 90 kawai ake ba ɗan ƙasashen ECOWAS.

Tsorona shi ne, in ta shiga gidan nan ba za ta dawo ba. Na san matar nan, za ta zauna mata a kunne har sai ta juya mata tunani, a ce in dai ina son iyalina in tattaro in koma Kano. In na koma kuma aikin da ake cin abinci da shi fa? Mahaifina ya rasu, babu babban da zai tsaya mini a wurinsu sai kawuna, shi kuwa yana jin nauyinta.

Hajiya, shin uwa tana da ikon ta umarci miji ya mayar da matarsa alhali bai rage ta da ci ko sha ko sutura ba? Kuma wannan shirun da matata ta yi jiya, yarda ce da maganar uwarta ko kunya ce? Yau da safe ta tambaye ni nawa ne kuɗin jirgi zuwa Kano, ban ba ta amsa ba tukuna.

Naki,
Wani mai sauraronki daga Elmina, Gana