Wasiƙar Godiya ga Masu Bin Sawun Zaki na Gandun Dajin Sabi Sand

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Gandun Dajin Sabi Sand, Afirka ta Kudu, musamman ja-gorori da masu bin sawu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin yaba kyauta tukuici, kuma abin da kuka yi mana ni da iyalina a kwana huɗun da muka yi a wurinku cikin watan Yuli ya wuce godiyar da muka yi a tsaitsaye ranar da za mu tafi.

Da asubahin rana ta biyu, sanyi na ratsa ƙashi, muna tafe a hankali, sai dattijon da ke zaune kan 'yar kujerar nan ta goshin mota ya ɗaga hannu. Direba ya tsaya cak. Ni dai ban ga komai ba sai rairayi. Baba ya sauka ya tsuguna, ya zagaye wani sawu da tsinke, ya ce mu leƙo daga inda muke. Ya nuna mana tudu uku a bayan dunduniyar sawun, babu kuma alamar farce, domin zaki yana janye farcensa ne idan yana tafiya. Na kura, in ji shi, tudu biyu ne, ga farce a fili. Daga nan ya ce maza uku ne, kuma cikin dare suka wuce, tunda sawunsu ya hau kan shatin tayar motar da ta bi hanyar da yammacin jiya. Ya ƙara da cewa ɗaya yana ɗingishi da ƙafar baya ta hagu.

Mun kusa awa biyu muna bin su kafin muka iske su kwance a busasshen rafi. Da hantsi ya ɗaga suka miƙe neman inuwa, sai ga na ukun yana jan ƙafar baya ta hagu. Matata ta kama baki. Ni kuwa Baba na juya na kalla, shi ko a jikinsa, yana can yana duban wata ungulu a sama.

Abin da ya fi kama ni shi ne ba ku kallon zakoki a matsayin tarin namun daji. Kowane ɗaya kun san shi, kun san uwarsa, kun san garken da ya fito. Ja-goranmu ya miƙa mini madubin hangen nesa ya ce in dubi ɗige-ɗigen da gashin baki ke tsirowa a kansu, waɗanda tsarinsu bai zama ɗaya tsakanin zaki da zaki ba, kuma ba ya sauyawa har tsufa. Tun 1970 masana ke tantance zakoki da wannan hanya. Ga yagewar kunne, ga tabon faɗa, ga hanci da ke ƙara baƙi yayin da shekaru ke tafiya.

Shi ne kuma ya warware mana yadda zaman nasu yake. Mata su ne masu gida, uwa da 'ya da 'yar'uwa, yawancinsu inda aka haife su nan za su mutu. Maza kuwa ana korarsu tsakanin shekara biyu zuwa huɗu, su shiga yawon duniya. Wanda ya fita da 'yan'uwansa ya yi sa'a. Wanda ya fita shi kaɗai dole ya nemi abokin ƙawance ko da bare ne, domin namiji ɗaya da wuya ya ƙwaci garke, in ma ya ƙwata ba ya daɗewa. Idan sababbin maza suka karɓe garke sukan kashe ƙananan 'ya'yan da suka tarar, don iyayen su sake ɗaukar ciki da wuri. 'Yata ta tambaya ko ba za ku hana ba. Bai yi mata ƙarya ba, bai kuma yi mata dariya ba. Ya zauna ya yi mata bayani daidai hankalinta, kuma na gode masa da wannan ƙwarai.

A daren ya ba mu labarin Mapogo, wasu zakoki maza shida da suka haɗa ƙawance suka mamaye yankin a 2006, yadda wani ƙawancen maza da ake kira Majingilane suka kashe ɗaya daga cikin Mapogo, Kinky Tail, a 2010, da yadda mazan wani ƙawancen kuma, Selati, suka gama da Mr T, shi ma ɗan Mapogo, a 2012. Yana faɗa kamar mai ba da tarihin sarakunan garinsu. Tun da aka cire shingen da ke tsakaninku da babban Gandun Dajin Ƙasa na Kruger a 1993, baƙin maza na iya ɓullowa daga gabas kowane dare, su rusa mulkin da aka sani. Ba don rubutun da kuke yi kullum na wa aka gani, a ina, da wa, ba wanda zai iya riƙe zaren wannan labari.

Dole in yabi ladabinku ga dabbobin. Wata yamma an sanar ta oba-oba cewa ga zakanya biyu da 'ya'ya, amma muka jira daga nesa sai da wata mota ta fita, domin ba ku yarda motoci su yi musu zobe. Da muka isa aka kashe inji, ba mai miƙewa, ba mai ɗaga murya. Uwar ta ɗago ta dube mu sau ɗaya, ta ci gaba da lasar ɗanta.

Ina roƙon ku isar da gaisuwata ga Baba mai bin sawu. Ku ce masa 'yata ta zana sawun nan mai tudu uku ta manna a bangon ɗakinta, kuma har yau tana tambayata ko ƙafar zakin nan ta warke. Idan kun gan shi, don Allah ku sanar da mu.

Allah ya tsare ku a bakin aikinku, ya saka da alheri.

Naku,
Baƙonku na watan Yuli, da iyalinsa.