Maƙwabcinmu Yana Cikin Rajistar Masu Laifin Lalata, Me Ƙungiyarmu Za Ta Yi?

Assalamu alaikum Barista. Da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma ina cikin kwamitin ƙungiyar masu gidaje ta unguwarmu, mai kula da wurin ninƙaya da filin wasan yara. Kwanan baya wata maƙwabciya ta ci karo da hoton wani mutum a shafin intanet na gwamnati mai ɗauke da rajistar waɗanda aka taɓa yanke wa hukunci kan laifin lalata. Ashe shi ne wanda ya dawo gidan mahaifiyarsa a layinmu.

Nan take unguwa ta ɗauki zafi. Wasu na cewa a liƙa hotonsa ƙofa-ƙofa, wasu kuma a gyara dokokin ƙungiya yadda dole ya tashi.

Wallahi ban ga laifin tsoronsu ba. Dokar Megan ta 1996 da ta buɗe wa jama'a rajistar nan ta biyo bayan kisan Megan Kanka ne, 'yar shekara 7, a hannun maƙwabcin da iyayenta ba su san tarihinsa ba. Autata ta ƙofarsa take wucewa da kekenta, kuma tun ranar ban sake barinta ta fita ita kaɗai ba.

Sai dai dokar jiharmu ta hana amfani da rajistar wajen muzguna wa mutum ko hana shi muhalli, sai domin kare wanda ke cikin haɗari. A 2015 ma kotun ƙolin jihar, a wata shari'a daga San Diego, ta ƙi yarda a yi wa masu laifin lalata da ke ƙarƙashin sakin talala, wato waɗanda aka sako daga gidan yari bisa sharaɗi ana sa musu ido, kuɗin goro wajen hana su zama ƙafa 2,000 kusa da makaranta. To in an taka wa gwamnati birki, ina ga mu? Ga kuma tsohuwar nan mahaifiyarsa, tana ban ruwan furanninta da safe ba mai gaishe ta. Wannan bai kwanta mini ba, don ita ba ta yi wa kowa komai ba.

Barista, ya halatta mu aika wa iyaye takarda mu nuna musu shafin gwamnati ba tare da ambaton sunansa ba? Za mu iya hana shi shiga filin wasan yara, ko sai dai dokar da ta hau kan kowa, kamar cewa yaro ba ya shiga sai da babba? In yana ƙarƙashin sakin talala, mu ne za mu tuntuɓi jami'in da ke sa masa ido, ko 'yan sanda?

Mako mai zuwa za mu kaɗa ƙuri'a, don Allah a taimaka mini kafin nan. Allah ya saka da alheri.

Uwar 'ya'ya uku, daga Kalifoniya