Malam Edita, wa ya kamata ya koya ma yaran likitoci aiki?

Assalamu alaikum Malam Edita.

Wallahi shirin nan naku na rediyo na daren jiya ya ɓata mini rai, wurin da baƙonku ya ce wai likitocin da ke fitowa yanzu ko kanula (ɗan bututun da ake sawa cikin jijiya don allura ko ƙarin ruwa) ba su iya sawa ba, mai gabatarwa kuma sai dariya yake, bai ko tambaye shi wa ya kamata ya koya masu ba. Haba jama'a!

Ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne, amma abin ga ya faru gaban idona. Daminar bara ɗiyata 'yar shekara huɗu zazzaɓin cizon sauro ya kada ta har da jijjiga, munka kai ta wani asibiti nan cikin Sakkwato wajen ƙarfe biyu na dare, wod (ɗakin kwantar da marasa lafiya) cike maƙil wasu yaran biyu-biyu bisa gado, likitar da munka tarar yarinya ce ƙarama wadda ba ta daɗe da fara hausmanshif (aikin koyo na sabbin likitoci bayan gama jami'a) ba kuma ita kaɗai ce. Nan take ta auna nauyin yarinyar ta lissafa allurar atesunet (maganin zazzaɓin) da ka, ko takarda ba ta duba ba, karatu kam akwai shi. Amma jijiya ta ƙi samuwa. Sau uku tana sokawa hannunta na rawa, ga an ɗauke wuta ni ke haska mata da tocilan na waya, ta kira na sama da ita har sau biyu yana can imajansi shi ma an yi mishi yawa. Sai wata tsohuwar sista ta zo ta dafa kafaɗarta ta ce "likita kwantar da hankalinki, duba ta ƙafa", ta riƙe mata ƙafar, shi ke nan kanula ta shiga. Da asuba na same ta bakin baranda tana share hawaye da gefen hijabi. Ɗiyar tawa Alhamdulillahi ta warke.

To wanga shi ne rashin iyawa? Shekara 6 suke yi a jami'a, wasu ma yajin aikin ASUU na 2022 ya ci masu wata takwas, kuma in sun gama lasisin wucin gadi hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ke ba su, sai sun yi wata 12 suna zagaya sashen yara da na mata da tiyata da na manya, wata uku-uku, ƙarƙashin kwansaltan, wato babban likita. Ita hukumar da kanta ta san ba su nuna ba shi ya sa ta ce a tsaya kansu. Ina masu tsayawar? Da yawa sun tafi Saudiyya da Ingila, waɗanda sunka rage aiki ya sha kansu, sai a bar yaro shi kaɗai da wod dare guda, gobe kuma NYSC ta jefa shi asibitin ƙauye inda ba wanda zai kira, sannan a zo rediyo ana mishi dariya. Don Allah ku gayyato yaran nan su faɗi da bakinsu mu ji.

Sannan layin wayarku na kiran masu sauraro, na buga ya fi sau goma bai shiga ba, kuma rabin shirin tallan maganin basir ya cinye shi, a duba muna wanga.

Naku mai sauraro,
daga Mabera, Sakkwato.