Zuwa ga ɗana, kan darasin kumburi

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa, ina fatan karatu na tafiya daidai. Mahaifiyarka ta ce ka kira kana kukan darasin kumburi, wai sunayen sinadaran sun yi maka yawa. Na daɗe ina ba da magani a asibiti, don haka ka saurare ni.

Ka tuna ranar da rina ta harbe ka a hannu kana yaro? Nan take wurin ya yi ja, ya ɗauki ɗumi, ya tasa, kana ta ihu. Alamomi huɗun nan Selsus, mutumin Rum, ya rubuta su tun ƙarni na farko, kuma kowace da mai haddasa ta. (A fatarmu jan ba ya fitowa sosai, sai ka saba taɓa wurin da bayan hannu.) Sinadarin histamin ke fara isowa, domin a ajiye yake cikin wasu ƙwayoyin halitta na garkuwar jiki da ake kira mast. Cikin mintuna yake buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ruwa ya tsatso cikin nama. Biradikinin, wanda ake haɗawa daga ruwan jini, shi ke tsokano raɗaɗi. Lukotirin B4 da C5a 'yan aike ne, su ke kiran fararen ƙwayoyin jini, waɗanda gawarwakinsu ke zama mugunya.

Inda nake so ka zauna sosai shi ne furostagilandin. Jiki ba ya ajiye shi, ƙera shi yake yi nan take daga kitsen bangon ƙwayar halitta, ta hannun sinadarin COX. Shi ke ƙara wa raɗaɗi ƙarfi, shi ke ɗaga zazzaɓi. A 1971 John Vane, a Ingila, ya nuna cewa hanyar nan asfirin ke toshewa, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1982. Ibufurofen da dikulofenak ma nan suke dosa. To amma furostagilandin ɗin nan shi ke sa tumbi ya fitar da majinar da ke kare shi daga tsamin kansa, shi ke kuma tsare gudun jini a ƙoda.

Har yau ina ganin fuskar wani lebura da aka kawo mana yana aman jini. Kullum da asuba yakan haɗiyi irin waɗannan ƙwayoyin ciwon jiki da ya saya a kemis, cikinsa babu komai, don ya iya fita nema. Ba wanda ya taɓa gaya masa haɗarin, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Saboda haka ina roƙonka, duk ranar da za ka rubuta irin wannan magani, ka fara tambayar mutum: yana da olsa? Yana da asma ko ciwon ƙoda? In mace ce, tana da juna biyu? Yau ya ci abinci?

In ka zo hutu, taho da littafinka mu bi sauran tare. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka