Wa ya auna ruwan da aka kwaɓa kankaren?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku. Duk sanda bene ya rufta, abin da ake ji shi ne "an yi ha'inci a rodi" ko "tsautsayi ne". Da wuya a tambayi wa ya auna, me kuma ya auna, alhali awon ne ya mayar da aikin injiniya ilimin kimiyya.

Gini ya girmi lissafin gini. A nan cikin birnin Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya tada Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim da ƙasa da azara, ya ɗora rufi kan bakan gizo, wato ginin da aka lanƙwasa kamar baka. Ya san iya tazarar da azara ke jurewa kafin ta lanƙwasa, amma sanin yana ido da hannu, ɗa ya gada wurin uba. A wurina gwaninta ce da ba ta da na biyu, sai dai ba a iya aika ta a takarda.

A 1638 Galileo na Italiya ya nuna cewa in an ninka zurfin gungumen da aka gitta, daga sama zuwa ƙasa, nauyin da zai ɗauka sau huɗu zai ninka, ba biyu ba. Dalilin da ya sa kafinta ke tsayar da katakon rufi a kan gefensa ke nan. A 1747 Faransa ta buɗe makarantar gadoji da hanyoyi a Faris, inda aka fara koyar da wannan aiki a aji. A 1824 Joseph Aspdin ya yi rajistar simintinsa a Ingila. Mu kuma mun samu Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai hukumar COREN mai rajistar injiniyoyi a 1970.

Amma wanda nake so magina su sani shi ne Duff Abrams na Amurka. A 1918, bayan gwaji mai yawa, ya tabbatar cewa ƙarfin kankare ya dogara ne kan yawan ruwan da aka zuba wa siminti. Buhu ɗaya kilo 50 ne, kwanon sarki biyu ke nan. A kwaɓin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, zai ci kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, ruwa kuma kimanin lita 25. Simintin kansa kusan rabin wannan ruwan yake sha ya daskare, sauran don kwaɓin ya juyu ne. Duk abin da aka ƙara a kai zai ƙafe ya bar ƙananan ramuka, ta nan damshi ke kaiwa ga rodi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Da damina yashi yana zuwa da nasa ruwan, dole a rage. Amma je ka wurin zuba dekin: tiyo na kwarara, ana kwaɓi ruwa-ruwa kamar kunu don leburori su ji sauƙin ɗauka. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin mutane ne za su kwana a ƙarƙashinsa.

Bayan zubawa kuma ruwan ake nema. A lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, musamman da hunturu da bazara. Kada a cire katakon da ya tokare dekin kafin mako biyu zuwa uku. A kuma ɗebi kwaɓin a akwatin gwaji mai milimita 150 kowane gefe, a kai ɗakin gwaji a murƙushe shi ranar da ya cika kwana 28.

Ina roƙon ku, ranar da kuka tura wakili wurin ginin da ya faɗi, ya nemi a nuna masa takardar sakamakon wannan gwajin da sunan injiniyan da ya sa mata hannu.

Naku,
Wani injiniyan gine-gine,
Samaru, Zariya